Rediyon Sha'awa a Ƙasar Mafara: Yadda Ake Zaɓen Na'ura Mai Araha da Yadda Ake Aiki da Ita

Gabatarwa

A farkon watan Satumba na shekarar 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun shafe makonni ba su iya kiran 'yan'uwansu, har wasu sukan yi tattaki zuwa jihohin maƙwabta don kawai su yi waya. Wannan al'amari ya nuna wa kowa cewa wayar hannu ba ta aiki ita kaɗai. Dole muryar mai magana ta bi ta hasumiyar kamfani, kuma da zarar hasumiyar ta tsaya, wayar ta zama fitila kurum.

Akwai wata hanyar sadarwa da ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba, wadda na'ura ke magana da na'ura kai tsaye. Ita ce rediyon sha'awa, wato rediyon da mutum ke riƙewa da lasin gwamnati domin koyo da gwaje-gwajen kimiyya da taimakon jama'a lokacin bala'i, ba domin neman kuɗi ba. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan na'urar da ake ɗaurawa a mota ko a ajiye a kan tebur, musamman mai araha. Abin da ake son mai karatu ya riƙe shi ne, nisan da murya za ta kai ya fi dogara ga eriya da tsayin wurin da aka kafa ta fiye da tsadar na'urar ko ƙarfinta.

Mene ne rediyon sha'awa?

Akwatin rediyon da muka saba da shi a gida karɓa kawai yake yi. Na'urar da muke magana a kanta kuwa tana karɓa, tana kuma aikawa, kamar dai rediyon oba-oba na jami'an tsaro. Masu sha'awar wannan fanni sun ba kimiyya gudummawa mai yawa. A watan Nuwamba na 1923, Léon Deloy na birnin Nis a Faransa da Fred Schnell na Amurka suka yi musayar saƙo a tsallaken Tekun Atlantika a kan gajeren zango, a lokacin da manyan kamfanoni ke ganin wannan zango ba shi da wani amfani. A 1925 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Faris, kuma Nijeriya na da tata ƙungiyar mai suna NARS. Sa'ad da girgizar ƙasa ta auka wa Nefal a 2015, masu rediyon sha'awa na cikin waɗanda suka riƙa isar da saƙonni bayan layukan waya sun lalace.

Lasin kafin na'ura

Dokar sadarwar iska ta Nijeriya ta 1961 ta hana kowa kafa na'urar aika saƙo ko aiki da ita ba tare da lasin ba. Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya da Hukumar NCC su ne ke kula da rabon zangunan sadarwa, saboda haka wurinsu ake neman bayanin sharuɗɗa. Wanda aka ba lasin akan ba shi lambar kira tasa shi kaɗai. Lambobin Nijeriya suna farawa da 5N, na Jamhuriyar Nijar kuma da 5U.

Wannan batu ya fi nauyi a yankinmu fiye da wurare da dama. A ƙasar da ake fama da 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, matashin da aka tsare a shingen bincike da na'urar sadarwa ba takarda zai sha wahala kafin ya wanke kansa. Don haka makarantar da ke son kafa ƙungiyar rediyo ta fara da takardu, ta sa malami ɗaya mai lasin ya zama mai kula, ta kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da fadar sarki. Idan hukuma ta hana sadarwa saboda tsaro, kamar yadda aka yi a 2021, lasin bai ba kowa damar kewaye dokar ba.

Zanguna da halayensu

Igiyar rediyo tana tafiya da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Yawan kaɗawar da take yi a daƙiƙa ɗaya ana auna shi da megahaz, wato kaɗawa miliyan ɗaya. Idan aka raba 300 da adadin megahaz, sai a sami tsawon igiyar a ma'aunin mita. Alal misali, 300 a raba da 145 zai ba da mita biyu da ɗan ɗoriya, shi ya sa ake kiran wannan zango zangon mita biyu.

A shiyyar da Afirka da Turai suke, an ware wa masu sha'awa megahaz 144 zuwa 146 a ɓangaren VHF, da 430 zuwa 440 a ɓangaren UHF. Waɗannan igiyoyi kusan a miƙe suke tafiya kamar hasken tocila, ba sa bin lanƙwasar ƙasa sosai. Gajeren zango kuwa, irin na megahaz 7.0 zuwa 7.2, yakan bugi wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da lantarki ya dawo ƙasa, ta haka yake kai ɗaruruwa ko dubban kilomitoci. Sai dai na'urarsa ta fi tsada, eriyarsa kuma tana kai mita ashirin. Ga mai farawa a karkara, inda ake da fili da itatuwa, zangon mita biyu ya fi dacewa. Zangon UHF ya fi amfani a tsakanin gine-gine.

Lissafin nisa

Ga wani lissafi da ɗalibin sakandare zai iya yi a allo. A ɗauki tsayin kowace eriya daga ƙasa a ma'aunin mita, a fitar da saiwar kowane tsayi, a haɗa su, sannan a ninka da 4.12. Amsar ita ce kimanin nisan da eriyoyin biyu za su ga juna, a kilomita.

Motoci biyu masu eriya a tsayin mita 2 kowace: saiwar 2 ita ce 1.4, a haɗa biyu a sami 2.8, a ninka a sami kusan kilomita 12. Idan aka ɗaga eriya ɗaya zuwa mita 16 a kan dogon ƙarfe ko tankin ruwa, saiwar 16 ita ce 4, nisan ya koma kilomita 22. Idan duka biyun suna mita 16, ya zama kilomita 33. Daga Talata Mafara zuwa Bakura, ko daga Mafara zuwa Maradun, tazarar a miƙe ba ta wuce kilomita 30 ba. Ke nan makarantu biyu masu dogayen eriyoyi za su iya jin juna da ƙaramin ƙarfi, alhali motoci biyu a ƙasa za su sha wuya. Shimfiɗaɗɗiyar fadamar da ke ƙasan madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, tana taimaka wa irin wannan sadarwa, amma tudu ko dutse a tsakani yakan rage nisan ƙwarai.

To, ƙarfin na'ura fa? Ninka ƙarfi sau huɗu, daga wat 12 zuwa wat 50 alal misali, mataki ɗaya tak yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti na mai saurare. Babbar shaida ita ce tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi a tsayin kimanin kilomita 400. Idan tana watsa saƙo a kan megahaz 145.800 tana wucewa ta samanmu, ƙaramar na'urar hannu ma tana iya kama ta, domin babu abin da ya shiga tsakani.

Zaɓen na'ura

Na'urorin hannu irin Baofeng UV-5R suna ba da kimanin wat 5, eriyarsu kuma gajeriya ce. Na'urorin mota masu araha na ƙasar Sin, irin QYT KT-8900 da AnyTone AT-778UV, suna ba da kimanin wat 25 a zanguna biyu. Na kamfanonin Japan, kamar Yaesu da Icom da Kenwood, sukan ba da wat 50 ko fiye, sun fi inganci, sun kuma fi tsada. Bisa lissafin da ya gabata, wat 25 ya ishi mai farawa.

Amma araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma mai saye ya kamata ya san inda aka rage kuɗin. Na farko, kunnen na'ura mai araha ba ya tace sauti sosai, saboda haka idan tana kusa da tashar FM ko wata hasumiya mai ƙarfi sai ta kurumce. Na biyu, wasu daga cikinsu suna fitar da ɓarɓashin igiya a wajen zangon da aka saita, su dami wasu masu sadarwa. Na uku, ƙaramin jikinsu yana saurin zafi. A yankin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, a duba a ga na'urar tana da fanka da ƙarfen sanyaya jiki a bayanta. Na huɗu, yawancinsu suna iya aikawa tun daga megahaz 136 har 174, kuma mafi yawan wannan fili na wasu hukumomi ne da kamfanoni. Jiragen sama ma suna magana a 118 zuwa 137, dab da shi. Saboda haka kafin a fara aiki a saita na'urar ta kwamfuta ko ta maɓallanta, a goge duk wata lambar da ba ta cikin zangon sha'awa. A kuma nemi mai sayarwa ya jona ta a gwada a gaban mai saye.

Eriya da waya

Eriya mafi sauƙi ita ce mai tsawon rubu'in igiya. A zangon mita biyu wannan sanda ce ta ƙarfe mai kimanin santimita 49, a zangon UHF kuma kimanin santimita 17. A mota, tsakiyar rufi ne wurin da ya fi kyau, domin ƙarfen rufin shi ne ke zama ɗaya rabin eriyar. A makaranta, ɗalibai na iya ƙera ta da wayar tagulla: sanda ɗaya a tsaye, huɗu kuma a karkace zuwa ƙasa.

Wayar da ke haɗa na'ura da eriya ta musamman ce, mai om 50. Wayar talabijin om 75 ce, ba ta dace ba. Siririyar waya samfurin RG-58 tana cinye kimanin rabin ƙarfin a tsawon mita 20, don haka idan eriyar tana sama sosai sai a nemi mai kauri irin RG-213. Akwai kuma ma'aunin SWR, wanda ke nuna ko eriya tana karɓar ƙarfin ko tana maido shi. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, amma idan ya kai 3 a tsaya a gyara. Kada a kuskura a danna maɓallin magana ba eriya a jone, domin ƙarfin zai koma ciki ya ƙona na'urar.

Wuta da yanayi

An ƙera waɗannan na'urori don bolt 13.8, wato wutar batirin ƙaramar mota. Manyan motoci da yawa bolt 24 suke da shi, kuma jona na'urar kai tsaye a nan halaka ta ne. Mai wat 25 tana jan kimanin amfiya 6 lokacin magana, ƙasa da amfiya 1 lokacin saurare, don haka batiri da faifan sola matsakaici sun wadatar da makaranta. A ja waya mai kauri daga batirin, a sa fis kusa da shi, a kuma kula kada a juya jan waya da baƙa. Da hunturu a riƙa rufe na'urar saboda ƙura. Da damina kuwa, da zarar hadari ya taso a cire wayar eriya a fitar da bakinta waje, domin dogon ƙarfe abin da tsawa ke nema ne.

Lafiyar jiki

Igiyar rediyo ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba ce, ba ta da ƙarfin tsinka sinadaran gado da ke cikin ƙwayoyin halitta. Abin da take yi shi ne ɗumama tsoka, ta hanyar motsa ruwan da ke cikinta. Jikin ɗan Adam ya fi tsotsar igiyoyin da ke tsakanin megahaz 30 da 300, saboda tsawonsu ya yi kusa da tsawon jiki, kuma zangon mita biyu yana cikin wannan rukuni. Madubin ido ya fi shiga hatsari domin ba shi da jijiyoyin jini da za su kwashe zafi. Saboda haka eriyar na'urar mota ba ta cikin ɗaki ba ce, kada a taɓa ta ana magana, kuma a kafa ta sama da kawunan mutane da tazarar 'yan mitoci.

Ladubban magana

A fara da saurare kafin a yi magana. A ambaci lambar kira a farko da ƙarshe. A shiyyarmu ana yin kira a kan megahaz 145.500, idan an sami amsa sai a koma wata lambar a bar wa wasu fili. A yi amfani da mafi ƙarancin ƙarfin da zai isar da murya. Ba a yin ciniki ko kiɗa ko zagi, ba a kuma ɓoye ma'anar saƙo. Mafi muhimmanci, duk mai irin wannan na'ura yana jin abin da ake faɗa, kuma bango ma yana da kunne balle iska. Kada a faɗi lokacin tafiya, ko hanyar da za a bi, ko maganar kuɗi, ko inda jami'an tsaro suke.

Kammalawa

Wanda ke da ɗan kuɗi kaɗan ya bi wannan jeri: lasin da farko, sannan eriya mai kyau da dogon ƙarfe da waya, sannan batiri da fis, na'urar ita ce ta ƙarshe. Yanki mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara da Kwalejin Aikin Gona a Bakura ba zai rasa malamai da masu gyaran lantarki da za su jagoranci ƙungiyar makaranta ba. Kafin takardu su fito, malamin kimiyya na iya ba ɗalibansa aikin auna tsayin tankin ruwan makaranta, su lissafa garuruwan da eriya za ta iya kaiwa daga kansa, su zana su a taswira.