Lissafin Rabon Ruwan Madatsa Kafin a San Yadda Damina Za Ta Kaya

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ta Challawa kuma a 1992, yawan ruwan da ke gangarawa Kogin Haɗeja ya koma hannun masu buɗe ƙofofin madatsun, alhali birnin Kano na jiran na sha, manoman rani na Kadawa da Kura na jiran na shinkafa da alkama da tumatir, masunta da makiyaya da manoman fadamun Haɗeja da Nguru, har zuwa Gashuwa, kuwa sun dogara ga ambaliyar da ke jiƙa ƙasarsu duk shekara. Wahalar rabon ita ce tilas a ɗauki alkawari tun ba a san ko damina mai zuwa za ta cika madatsun ba.

Domin irin wannan matsala masana suka ƙirƙiro lissafin zaɓen mafi alheri, wanda Ba'amurke George Dantzig ya kafa tushensa a 1947, ya kuma faɗaɗa shi a 1955 don ya ƙunshi abin da ba a da tabbas a kansa. Ana fara rubuta manufa, wato amfanin da ake son ya kai matuƙa, sannan a jera iyakokin da ba a ƙetarewa, kamar girman madatsa, da ruwan da zafin rana ke ƙafarwa, da mafi ƙarancin abin da dole a sakar wa mutanen ƙasan kogi. Daga nan a ba kwamfuta yanayi daban-daban, shekarar fari da matsakaiciya da mai ruwa sosai, kowanne da gwargwadon yiwuwarsa bisa bayanan shekarun baya.

Shawarar takan zo hawa biyu: na farko shi ne kason da aka yi wa kowa alkawari, na biyu kuma gyaran da za a yi bayan an ga ruwan da ya shigo, tare da ƙididdige asarar manomin da ya shuka bisa alkawari ruwa ya yanke masa. Ta haka lissafin ke hana alkawarin da ya fi ƙarfin madatsa, yake kuma hana ƙanƙame ruwa saboda tsoro.

Sai dai kwamfuta ba ta kare haƙƙin da ba a rubuta mata ba. Matuƙar ba a sanya darajar kifi da kiwo da noman fadama cikin manufar ba, kuma ba a auna ruwan kogi a kai a kai ba, sakamakon zai fifita na kusa da madatsa, saboda haka wajibi ne a saurari mutanen ƙasan kogi tun lokacin tsara lissafin.