Yadda Ake Gane Tsohuwar Lambar Soja

A wasu gidaje akan tarar da tsohuwar lambar soja a cikin akwatin kaka, amma babu wanda ya san labarinta. Lambar da kanta tana iya ba da labarin.

Da farko, dubi siffarta. Idan ta ƙarfe ce mai hoton bishiyar kwakwa, ta rundunar Afirka ta Yamma ce, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1897. Sannan karanta haruffan da ke gindin bishiyar. Sunan rundunar na farko WAFF ne. A 1928 aka ƙara harafin R, ya zama RWAFF. Saboda haka lamba mai R ba ta girmi 1928 ba.

Akwai kuma lambar ƙyalle ta kafaɗa. Baƙin gizo-gizo alamar runduna ta 81 ce. Masu biyu a kan gammo, ta 82. Dukansu sun yi yaƙi a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Kada ka kankare tsohuwar lamba da yashi ko toka, domin haruffan na iya gogewa. Busasshen tsumma ya isa.