Yadda Ake Auna Aikin Sashen Wankin Ƙoda

Sashen wankin ƙoda na iya zama tsaf-tsaf, na'urorinsa sababbi fil, amma majinyata su riƙa tashi jininsu bai wanku ba. Ido ba ya gane wannan, sai da awo.

Awon farko na sinadarin yuriya ne, ɗaya daga cikin dattin da ake wankewa daga jini. A ɗebi jinin majinyaci kafin a jona shi da na'ura, a sake ɗiba bayan an gama, sannan a kwatanta. Ana so yuriyar ta ragu da aƙalla kashi 65 cikin ɗari. Likitoci sun fi dogara da lissafin Kt/V, wanda Frank Gotch da John Sargent suka fito da shi a 1985. Yana haɗa ƙarfin matatar na'urar, tsawon zaman da aka yi, da yawan ruwan jikin mutum. Ga mai wanki sau uku a mako, bai kamata ya gaza 1.2 ba. Sai dai binciken HEMO da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa ɗaga shi can sama bai rage mace-mace ba. Tilas aka waiwayi sauran abubuwa.

Ta ina ake jan jinin? Jijiyar hannu da aka haɗa ta hanyar tiyata ta fi robar da ake sakawa a wuya aminci, domin robar ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Don haka ake ƙirga masu roba da waɗanda cuta ta shiga jininsu. Ruwan da na'urar ke amfani da shi ma ba abin wasa ba ne: zaman awa huɗu kan ci kusan lita 120, kuma siririyar fatar matata ce kaɗai tsakaninsa da jini.

Tun 2012 hukumar Medicare ta Amurka ke yanke har kashi 2 cikin ɗari na kuɗin sashen da ya gaza a irin waɗannan ma'aunai. Tsarin na da amfani, amma in ba a yi la'akari da tsufa da cututtukan majinyata ba, sashen da ke karɓar masu tsananin ciwo ne zai sha hukunci.

A Nijeriya, inda yawancin majinyata ke biya daga aljihunsu, akwai tambayar da ta riga Kt/V: zama nawa mutum ya samu a watan? Wanda ya zo sau ɗaya a mako, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama, awonsa na ranar zai iya yin kyau a takarda, alhali zama biyu sun wuce shi.