Buhun Shinkafa da Ƙofar Aiki: Ina Alherin Kamfanoni Yake Tsayawa?

Duk shekara, da zarar an ga jinjirin watan Ramadan, mukan ga manyan motoci sun nufo unguwanninmu ɗauke da buhunan shinkafa, gero da sukari, kowane buhu da tambarin kamfanin da ya aiko shi. Ba ma raina wannan alheri, domin wanda ya taɓa kwana da yunwa ya san darajar mudu guda. Amma akwai wata takarda da irin waɗannan kamfanoni suke fitarwa wadda ba a ɗaukar hotonta a wurin rabo, wato sanarwar ɗaukar ma'aikata. A cikinta ne za a ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27, ya zo da digiri mai daraja ta biyu ta sama, da shaidar hidimar ƙasa, da gogewar shekara uku. Ɗan bazawarar da ta karɓi buhu a watan azumi, idan ya je wannan ƙofa bayan Sallah, a rufe zai same ta.

Kuɗin da ake magana a kansu ba ƙanana ba ne. Gidauniyar Aliko Dangote, wadda aka kafa a 1994, an ware mata dala biliyan 1.25 a 2014. A 2021 Abdul Samad Rabiu na kamfanin BUA ya ƙaddamar da shirin ASR Africa da alƙawarin dala miliyan 100 a kowace shekara. A wasu wurare doka ce ma ta tilasta bayarwar. Dokar man fetur ta Najeriya ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai su zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata a asusun al'ummomin da suke aiki a ƙasarsu. Indiya kuwa, tun dokar kamfanoni ta 2013, ta ɗora wa manyan kamfanoninta kashe kashi 2 cikin ɗari na matsakaicin ribarsu ta shekara uku a kan ayyukan al'umma.

Kafin mu yi nisa, akwai abin da ya kamata Musulmi mai hannun jari ya bambance. Kyautar da kamfani yake yi wa al'umma daban, zakka daban. Zakka tana da nisabi, da cikar shekara, da niyya, da mutane kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma jumhurun malamai ba su yarda a gina titi ko masallaci da ita ba. Don haka idan kamfanin da muke da hannun jari a ciki ya gyara kwalbati ko ya ɗauki nauyin gasar ƙwallo, wannan bai sauke mana farilla ba. A Saudiyya hukuma ce take karɓar zakka daga kamfanonin 'yan ƙasa. A nan kuwa, sai mai jari ya bincika da kansa ko an fitar masa. Shi ma manajan da yake rabon ya tuna cewa wakili ne a kan dukiyar wasu, ba shi da ikon karkatar da ita ga garinsu ko ga 'yan siyasar da yake neman fada a wurinsu. Batun tambari a jikin buhu ba laifi ba ne a kan kansa, tunda Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya halatta bayyana sadaka. Sai dai a surar nan dai aka hana ɓata ta da gori da cutarwa, kuma ba mu san sunan da za mu ba tsayar da tsohuwa a rana har sai mai ɗaukar hoto ya iso ba, in ba cutarwa ba.

Abu Dawud ya ruwaito daga Anas labarin wani mutumin Madina da ya zo roƙo wurin Manzon Allah (SAW). Aka tambaye shi abin da ya mallaka, ya kawo shimfiɗa da ƙoƙon sha. Annabi ya sayar da su dirhami biyu, ya umarce shi ya sayi abinci da ɗaya, ya sayo ruwan gatari da ɗayan, sannan ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya tura shi yin itace na kwana 15. Mutumin ya dawo da dirhami goma. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma ma'anarta tana da madogara a cikin Bukhari: lokacin da Sa'ad bin Rabi'i ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa bayan hijira, Abdurrahman ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. A kan irin wannan fahimta ne malaman Shafi'iyya, kamar Imam Nawawi, suka ce a ba mai sana'a daga zakka abin da zai isa ya sayi kayan aikinsa, ko da kuɗin sun yi yawa.

Wasu kamfanoni a ƙasashen da ba na Musulmi ba sun kama wannan hanya da gaske. A garin Yonkers na jihar New York a Amurka akwai gidan burodi mai suna Greyston, wanda aka kafa a 1982. Mai neman aiki a can rubuta sunansa kawai yake yi a jeri. Idan gurbi ya samu, sai a kira na gaba, ba ganawar tantancewa, ba tonon tarihin ko ya taɓa zaman kurkuku. A koya masa aikin, a biya shi, aikinsa ne zai nuna ko zai zauna. Kuma ba gidan marayu ba ne, kasuwanci ne da yake sayar wa kamfanin Ben & Jerry's kayan da yake sa wa a askirim ɗinsa. A Birtaniya kuma akwai Timpson, masu gyaran takalma da yankan makulli, waɗanda kusan kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatansu tsofaffin fursunoni ne, har suna koyar da sana'ar tun mutum yana tsare. A lura, makullan gidajen mutane ake damƙa wa wanda aka taɓa ɗaurewa. A watan Yulin 2024 aka naɗa shugaban kamfanin, James Timpson, ministan gidajen yari.

Idan muka dawo gida, shingen da ya fi ba mu takaici shi ne na shekaru. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022. Ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnati a makare saboda rashin kuɗi, ya ci waɗannan yajin, ya jira hidimar ƙasa, ya riga ya wuce iyakar da aka gindaya tun kafin ya rubuta takardar neman aiki ta farko. Wanda mahaifinsa ya iya biyan jami'a mai zaman kanta ya gama yana ɗan shekara 21. Sharaɗin da aka ce na shekaru ne ya koma na aljihun uba. Sai kuma masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna musu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a ba su aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Wa'adin ya cika, amma mai keken guragu har yanzu yana tsayawa a gindin matakala a ofisoshi da yawa. Ga ɗaliban makarantun Arabiyya da ake yi wa takardunsu kallon hadarin kaji, ga 'yan matan da ake nuna wa cewa hijabi bai dace da wurin karɓar baƙi ba, ga kuma "wa ka sani".

Ba muna cewa kamfani ya ɗauki wanda bai iya ba. Ma'aunin da Suratul Ƙasas ta kawo a labarin Annabi Musa (AS) ƙarfi ne da amana, kuma mai dukiya yana da haƙƙin neman su. Tambayar ita ce, wane sharaɗi ne yake auna iya aiki, wane ne kuma aka sa don rage tulin takardu a kan teburin jami'in ɗaukar ma'aikata?

A nan ne aikin sa kai na ma'aikata zai iya yin amfani. Kamfanin Salesforce na Amurka yana ba kowane ma'aikaci kwana bakwai a shekara, da albashinsa, ya je ya yi wa al'umma hidima. Mu da muka gaji aikin gayya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma a fiƙihu tsarin yana warware wata matsala: lokacin ma'aikaci a sa'o'in aiki haƙƙin wanda ya ɗauke shi ne, ba ya halatta ya sulale zuwa aikin lada sai da izini. Haka nan tilasta wa ƙananan ma'aikata fitowa ranar hutunsu ba biya, a kira shi sa kai, zalunci ne da aka yi wa ado. Kuma da akanta ya sa riga mai tambari ya yi sharar titi ta awa ɗaya, gara ya zauna da matan Islamiyyar unguwa ya koya musu raba uwar kuɗi da riba, ko injiniya ya karɓi ɗalibai biyu na koyon aiki ya riƙe su har su iya.

Kasuwanninmu sun daɗe da nasu tsarin. A Kantin Kwari da Singa a Kano, yaro yakan shigo shago ba takarda ko ɗaya, ya fara da ɗaukar kaya, ya koma jiran shago, bayan shekaru maigida ya sallame shi da jari. Attajirai da dama daga nan suka taso. Rauninsa shi ne galibi ba a rubuta yarjejeniya, ba a sa shaidu, ba a yanka wa'adi, duk da cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Shi ya sa ake samun wanda ya yi wa maigida hidimar shekara goma, aka sami saɓani a kan lissafin wata guda, ya fita da rigar jikinsa kawai.