Yadda Aka Tsara Siffar Waya Mai Gilashin Taɓawa Da Madannai

Duk wanda ya ɗauki babbar wayar hannu irin ta yau, abin da zai gani shi ne gilashi shimfiɗe tun daga sama har ƙasa. Yaro ma ya kan zaci da ma can haka waya ta ke. Alhali kuwa an yi shekara wajen goma, daga 2000 zuwa 2010, maƙeran waya suna kai da kawowa a kan tambaya guda, watau yaya za a haɗa gilashin da a ke taɓawa da madannan lambobi a jikin abin da bai wuce tafin hannu ba. Nufina a wannan takarda in bi sawun waya ɗaya, Sony Ericsson P800, wadda ta fito a ƙarshen 2002, domin mai karatu ya ga yadda a ke yanke irin wannan shawara.

Da farko sai mu daidaita a kan suna. A masana'antu akwai waɗansu ma'aikata waɗanda ba su ne injiniyoyin da ke haɗa kayan ciki ba. Aikinsu shi ne su yanke girman abu, da nauyinsa, da inda yatsa zai sauka. Na ji waɗansu na kiransu masu zayyana, amma ni ban gamsu ba, gama zayyana ado ce da a ke yi wa abin da an riga an gama, kamar zanen da a ke yi wa ƙwarya ko soro. Su kuwa waɗannan tun kafin a sami abin su ke fara aiki. Saboda haka zan kira su masu tsara siffa.

Ga wuyar da ke gabansu. Ido yana son gilashi mai faɗi, don ya karanta wasiƙa ko ya duba kalanda. Babban yatsa kuwa madanni ya ke so, mai tudu, wanda zai lallaba ya gane ba tare da ido ya taimake shi ba. Wannan ne dalilin ɗan ƙurjin nan da a ke sa wa lamba 5, don makaho, da mai tafiya cikin duhu, su san tsakiya, sauran lambobin kuma su bi. Gilashi ba shi da tudu, ko'ina sumul ya ke. To, fuskar waya ɗaya ce, duk abin da aka ba ido an ƙwace wa yatsa ne.

Mai tsara siffa ba ya raba wannan gardama da baki. Ya kan fara da zane a takarda, iri iri. Sa'an nan a sassaƙa waɗanda aka zaɓa da soso mai tauri ko katako, a ba mutane su riƙa, su kara a kunne, su sa a aljihu. An san labarin Jeff Hawkins na Amurka, wanda kafin na'urarsa Palm Pilot ta fito a 1996 ya yanki guntun katako daidai girmanta, ya riƙa yawo da shi a aljihun riga, yana fito da shi kamar mai rubuta alkawari, don ya ga ko abin zai shiga jiki. Bayan sassaƙa sai a zana siffar a kwamfuta tare da injiniyoyi, a nan ne kuwa a ke ja-in-ja, gama batir da eriya kowanne yana neman wuri. Daga ƙarshe a ƙera ƙarafan da za a zuba narkakkiyar roba a ciki. Su ne masu tsada, in an yanke su gyara ya yi wuya.

Jerin lambobin kansa masu tsara P800 gadonsa suka yi, ba su da ikon taɓa shi. Ma'aikatan Bell Labs a Amurka, a sashen da John Karlin ya shugabanta, su ne suka gwada jeri dabam dabam a hannun mutane, har da mai da'ira da mai layi biyu, kafin su tsaya a kan wanda ya sa 1, 2, 3 a sama. Da shi wayoyin dannawa suka fito a 1963. Abin da yatsun jama'a suka haddace shekara kusan arba'in, mai hankali ba ya sāke shi.

Dabarar da aka yi ta samo asali daga kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin, wanda a 2000 ya fitar da R380 mai murfi a kan gilashi. A 2001 Ericsson ya haɗa sashensa na wayar hannu da na Sony na Japan, P800 kuwa tana cikin 'ya'yan fari na wannan haɗin. Gilashinta yana da ɗigo 208 a faɗi, 320 a tsawo. Aka yi mata murfi mai madannai, maƙale daga ƙasa. In an rufe, ya danne fiye da rabin gilashin, ɗigo 144 kaɗai ke leƙowa a tsawo, sai ta zama waya kamar kowace. In an buɗe, gilashin duka ya bayyana, a yi rubutu a kansa da tsinken roba.

Abin sha'awar yana cikin murfin. Madannansa ba su da lantarki ko kaɗan. Gilashin wancan zamani danni ya ke ji: shimfiɗa biyu ne da ɗan rata a tsakani, in an danna ta sama ta taɓa ta ƙasa, sai na'ura ta san wurin. Saboda haka aka sa wa kowane madanni ɗan tsini a bayansa. Mutum ya danna 7, tsinin ya dangwali gilashi daidai inda na'ura ke jiran 7. Ashe murfin yatsa ne na aro. Da wannan aka huta da ratsa wayoyin lantarki ta mahaɗin da murfi ke juyawa a kai, wanda shi ne wurin da irin waɗannan na'urori suka fi saurin lalacewa. Har ma mai waya yana iya cire murfin ɗungum, na'ura ta zana masa madannai a gilashi. A gefe kuma aka sa 'yar taya irin ta Sony, wadda a ke murzawa da yatsa ɗaya a zaɓi suna, don kada a ce sai da hannu biyu. Nauyinta duka giram 158.

Sai dai fa dabarar ba ta daɗe ba. A 2003 aka fitar da P900, aka sa wa murfinta lantarki na kansa, aka gajarta shi har ɗigo 208 ke bayyana in an rufe, aka kuma sāke tsinken ya zama kamar alƙalami sosai, maimakon falalen da ke manne a gefen P800. A ganina dalilin a fili ya ke. Amfanin madanni shi ne ya amsa wa yatsa, mutum ya ji ƙas, ya san abin ya shiga. Madannin da ke dangwalar gilashi kuwa ya ba da tudu, amma amsarsa ba ta kai ta madanni na ainihi ba. An rage wa injiniya wahala, an rage wa yatsa tabbaci, kamfanin kuwa cikin shekara guda ya koma bayan yatsa. A 2004 P910 ta ƙara da cikakkun haruffa a cikin murfin, ga wanda ya gaji da danna 7 sau huɗu kafin ya sami s.

A nan ɗalibin harshe yana da abin lura. Haruffan da aka raba wa madannai takwas, daga abc a kan 2 zuwa wxyz a kan 9, ashirin da shida ne na Ingilishi. Babu mazaunin ɓ, ko ɗ, ko ƙ. Bahaushen da ya rubuta saƙo da irin wannan jeri dole ya bar wa mai karɓa ya rarrabe kafa da ƙafa, ko dauri da ɗauri, daga ma'anar zance. Wannan gurbi gilashi ne ya cike shi, gama harafin da aka zana a gilashi ana iya sāke shi ba tare da an taɓa ƙarfen zubi ba.

A 2007 kamfanin Apple ya fitar da iPhone, da gilashi na wani iri, wanda ba danni ya ke ji ba, lantarkin jikin mutum ya ke ji. Tsinin roba ba ya motsa irin wannan gilashi, don haka dabarar P800 ba ta da wurin zama a kansa. Waɗansu kamfanoni sun ci gaba da haɗa biyun ta waɗansu hanyoyi. HTC Dream ta 2008, wayar Android ta farko da aka sayar, ta ɓoye madannanta a ƙarƙashin gilashi mai zamewa gefe. Nokia X3-02 ta 2010 ba ta ɓoye kome ba, ta bar ƙaramin gilashi a sama da madannai a ƙasa. Kamfanin UIQ, mai tsara abin da ke bayyana a gilashin P800, ya karye a farkon 2009, a 2012 kuma Sony ya saye rabon Ericsson, sunan nan na haɗin gwiwa ya sauka daga jikin wayoyi.