Jirgin Turi da Yadda Kogi Ya Tsara Siffarsa

A manyan kogunan da ake fatauci a kansu, mafi yawan kaya masu nauyi irin su hatsi, kwal, takin zamani da siminti ana loda su ne a jiragen dako, wato faffaɗan akwatunan ƙarfe marasa inji, sannan wani jirgi ɗaya mai ƙarfi, wanda ba ya ɗaukar kaya ko kaɗan, ya kai su inda za su. Wannan shi ne jirgin turi, kuma kusan kowane sashe na jikinsa an ƙera shi ne saboda abubuwa biyu da kogi ya bambanta da teku a kansu, wato rashin zurfi da kuma gudun ruwa.

Da ja aka fara. A shekarar 1803 injiniya William Symington ya gwada wani jirgi mai injin tururi da ake kira Charlotte Dundas a mashigin ruwan Forth da Clyde na ƙasar Sikotland, inda ya jawo jiragen dako biyu masu nauyin tan 70 kowanne, amma masu mashigin suka ƙi amincewa da shi saboda tsoron kada igiyar ruwan da yake tayarwa ta zaizaye gaɓa. Ja da igiya ya ci gaba a Turai fiye da ƙarni guda, sai dai yana da babban rauni a kogi mai gudu, domin idan ana gangarawa ruwa yakan kwaso jiragen da ke baya ya maka su a jikin mai jansu, kuma a kwana kowannensu sai an sa masa nasa matuƙin.

Matuƙan kogunan Ohayo da Misisipi a Amurka ne suka warware wannan matsala a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ake sauko da kwal daga Pittsburgh zuwa New Orleans. Sai suka riƙa ɗaure jiragen dakon tamau a jere har su zama tamkar jiki ɗaya, su kuma sa jirgin injin a baya, kamar yadda mai kura ke tsayawa bayan kurarsa yana sarrafa ta. Gagarabadau a zamanin tururi shi ne Sprague, wanda aka ƙera a garin Dubuque a farkon ƙarni na 20, yana da ƙatuwar ƙafar katako mai juyawa a bayansa, kuma a shekarar 1907 ya tura jiragen dako 60 ɗauke da kwal sama da tan 67,000. Daga baya injin dizal da farfela suka maye gurbin tururi, sannan a 1957 aka fara turi a kogin Rhine, inda har yau ake kai ma'adinin ƙarfe daga Rotterdam zuwa Duisburg ta wannan hanya.

Wanda ya saba ganin jirgin teku mai tsinin goshi zai ga jirgin turi ba shi da kyan gani, alhali kuwa hikimarsa tana cikin wannan siffa. Goshinsa a miƙe yake, an kafa masa ginshiƙan ƙarfe biyu a tsaye masu rufin roba, waɗanda su ne ke dafa bayan jirgin dako ko yana cike ya nutse ko yana wofi ya taso. Ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne domin kada ya nutse fiye da ƙafa 9, wanda shi ne zurfin da ake kiyayewa a hanyar jirage ta Misisipi ta sama. Saboda farfela babba ta fi turawa amma ruwan bai isa ya rufe ta ba, sai aka ƙwaƙule ƙasan bayan jirgin ya zama kamar rami, ta yadda farfelar ke shiga ciki ruwa kuma ya biyo ta. Galibi ana kewaye ta da wani zoben ƙarfe da injiniyan Jamus Ludwig Kort ya ƙirƙiro a shekarun 1930, wanda ke ƙara mata ƙarfin turi idan ana tafiya a hankali da kaya masu nauyi. Ɗakin matuƙi kuwa a can sama yake domin ya hango gaban ayarin jiragen dakon, kuma a wuraren da gadoji ba su da tsawo akan yi shi mai sauka da tashi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne allunan tuƙi, wato faifan ƙarfen da ke juya akalar jirgi a ƙarƙashin ruwa. Allon tuƙi ba ya aiki sai ruwa na dukansa da ƙarfi, saboda haka ban da waɗanda ke bayan farfela, ana ƙara wasu a gabanta, waɗanda ke aiki idan an mayar da injin baya. Amfaninsu yana bayyana idan ayari mai tsawon ƙafa 1,000 ya tunkari kwana yana gangarawa: matuƙi yakan ja da baya har gudunsa ya yi ƙasa da na ruwan, ya riƙe bayan jirgin kusa da gefen cikin kwanar, ya bar ruwan da kansa ya karkato da goshin ayarin sannu a hankali, sai ya ga hanya ta miƙe sannan ya ba injin wuta. Wannan aiki ne na ƙwarewa da haƙuri, domin babu birki a ruwa, kuma kuskuren 'yan daƙiƙu na iya kai ayarin kan tudun yashi ko ginshiƙin gada.

Girman ayarin ma kogi ne ke yanke shi. Jirgin dako na yau da kullum tsawonsa ƙafa 195 ne, faɗinsa ƙafa 35, yana ɗaukar kimanin tan 1,500. A kogin Misisipi, sama da birnin St. Louis akwai jerin madatsu, kowace da ɗakin ruwa mai ƙofofi biyu da ake cikawa ko zubarwa domin ɗaga jirgi ko saukar da shi, kuma da yake faɗin ɗakin ƙafa 110 ne, jirage uku kawai ke shiga kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa ayarin bai wuce 15 ba. Yawancin ɗakunan tsawonsu ƙafa 600 ne, don haka dole ma'aikata su kwance wayoyin ƙarfen da suka ɗaure ayarin, a wuce da tara, sannan shida da jirgin turin su biyo, ko da dare ko cikin sanyi. A ƙasa da St. Louis, inda babu madatsa, jirgi mai inji uku da ƙarfin doki kusan 10,000 yakan tura 30 zuwa 40.

Rashin zurfin ruwa kuwa shi ne ya taƙaita sufurin kogin Binuwai, inda a da jiragen dako ke kaiwa har Garwa a ƙasar Kamaru su kwaso gyaɗa da auduga, amma cikin 'yan watannin cikar ruwa kaɗai, domin da zarar ruwa ya janye yashi ya fito, sai hanya ta rufe har damina mai zuwa.