Ko Ka San Injin Da Ya Sauya Noman Zaitun?

Ko ka san akwai injin da ke bi ta kan itatuwan zaitun, ya kakkaɓe 'ya'yansu ba tare da ya tsaya ba? Asalinsa na girbin inabi ne. Wajen shekarar 1994 manoman yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya suka fara tsara gonakin zaitun yadda zai iya shiga.

Injin dogo ne, cikinsa a buɗe, layin itatuwa na ratsawa ta tsakaninsa. A ciki akwai sanduna da ke jijjiga rassa da sauri. 'Ya'yan na zubowa kan faifan da ke ƙasa, bel ya kwashe su zuwa mazubi, fanka kuma ta fece ganye. Cikin awa biyu direba ɗaya kan gama kadada guda, aikin da leburori masu sanda da raga kan yi kwanaki a kansa.

Sai dai ba kowane zaitun ne ke shiga cikinsa ba. Wanda ya fi dacewa shi ne Arbequina, mai sunan garin Arbeca. Ba ya girma sosai, kuma a shekara ta uku yake fara ba da amfani. Ana dasa shi kusa da kusa, mita ɗaya da rabi tsakanin itace da itace, mita huɗu tsakanin layuka, a riƙa yi masa aski har ya zama kamar shinge. Ta haka kadada ɗaya ke ɗaukar itace sama da 1,500, alhali tsohuwar gona ba ta cika wuce 100 ba.

Amfanin saurin a wajen mai yake. Da zarar an tsinke zaitun ya fara lalacewa ke nan, shi ya sa ake so a matse shi a ranar. Man Arbequina ba shi da ɗaci sosai, amma bai kai na wani nau'in zaitun mai suna Picual daɗewa a ajiye ba.

Tsarin ya bazu zuwa Fotugal, Maroko, Kalifoniya da yankin Al-Jauf na Saudiyya. Amma yana cin jari, yana buƙatar ban ruwa da fili shimfiɗaɗɗe. Sannan zaitun sai ya sha sanyin hunturu kafin ya yi fure sosai. Don haka mai sha'awar noman nan ya fara duba yanayin ƙasarsa kafin ya tambayi kuɗin inji.